Darasi: Iska, Yanayi da Adalci a Wasan Golf

Wanda ya shigo Kano daga Dambatta ko Bichi ba kasafai hanya ke bi da shi ta filin golf ba, amma filin yana nan cikin birni, a kan titin Club Road, tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A 'yan shekarun nan kuma an buɗe wurin shaƙatawa na Porto Golf Resort a Ƙaramar Hukumar Minjibir, wato wasan ya iso har tsakiyar gonakinmu. Galibinmu ba za mu riƙe sandar golf ba, domin wasa ne mai cin kuɗi. Abin da ya kawo shi cikin wannan littafi shi ne, iska da ruwan sama suna da hannu a cikinsa ƙwarai, kuma masu shirya shi sun daɗe suna fama da wata tambaya da ta shafi kowa: idan yanayi ya sassauta wa wani ya tsananta wa wani, alhali abu guda suke nema, an yi adalci kuwa?

Yadda wasan yake

Cikakken filin golf yana da rami 18. Kowane rami yana da wurin bugun farko, sai a bi ta fili mai tsawon mita 100 zuwa sama da 500, a isa wani dandali mai laushi wanda ramin ke cikinsa. Faɗin ramin milimita 108 ne, ƙwallon kuwa nauyinta bai kai giram 46 ba. Ɗan wasa yana da izinin ɗaukar sanda 14, kowace da nisan da take kaiwa. Ana ƙirga duk bugun da mutum ya yi, kuma wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. A yawancin filaye, bugu 72 shi ne adadin ƙa'ida, wato abin da ake sa ran gwani zai yi kafin ya gama ramukan nan 18. Babbar gasa kwana huɗu take ɗauka, daga Alhamis zuwa Lahadi, sannan a haɗa lissafin.

Ku riƙe abu ɗaya, don a kansa darasin ya tsaya: 'yan wasan golf ba sa yin wasa lokaci guda. A gasar Open ta Birtaniya, wadda aka fara a 1860, mutum 156 ke shiga. Uku-uku suke fita. Rukunin farko kan fara wajen ƙarfe shida da rabi na safe, na ƙarshe kuwa sai bayan ƙarfe huɗu na yamma. Fili ɗaya, ramuka ɗaya, amma sararin sama na safe daban, na la'asar daban.

Abin da iska ke yi wa ƙwallo

Idan gwani ya buga da babbar sanda, ƙwallon kan tashi da gudun kusan kilomita 270 a awa, ta yi sama kimanin mita 30, ta shafe kamar daƙiƙa shida kafin ta sauka. A cikin daƙiƙun nan shida, mai sanda ya gama nasa, saura na iska.

Ƙwallon tana tafiya ne tana juyawa da baya, kuma wannan juyi, tare da 'yan lotse-lotsen da ke jikinta, shi ke ɗaga ta ya riƙe ta a sama. Idan iska na tahowa daga gaba, sai ɗagawar ta yi yawa, ƙwallon ta cilla sama fiye da kima, ƙarfinta ya ƙare, ta faɗo tun ba ta isa ba. Idan daga baya take busowa, tana tura ƙwallon gaba, amma tana rage abin da ke riƙe ta a sama, sai ta sauko da wuri ta yi ta gangarawa, ba ta tsaya inda ake so ba. Ga kuma wani abu da mai keke ya sani a jikinsa: turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar sau huɗu take ninkawa. Saboda haka asarar da iskar gaba ke jawowa ta fi ribar da iskar baya ke bayarwa. Mutum zai iya zaton cewa tunda fili zagaye ne, abin da iska ta ƙwace a tafiya za ta mayar a dawowa. Ba ta mayarwa duka. Ranar iska, lissafin kowa sai ya hau.

Iskar gefe ita ce mai tona asiri. Bugun da ya ɗan karkace, wanda ranar lumana zai kauce da mita uku ko huɗu, iska za ta ɗauke shi ta kai cikin ciyawa ko yashi. Bugun da ya fita sumul kuwa bai cika jin jiki ba. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke son ranar iska: a ranar ake gane wanda hannunsa ya faɗa.

Dokar wasan ta hana ɗan wasa auna gudun iska da na'ura yana cikin fili, ta kuma hana shi watsa hoda ko makamancinta don ya ga inda ta nufa. An yarda ya tsinki ciyawa ya saki, ya dubi kan bishiya, ya dubi tuta. Matar da ke shiƙar gero a masussuka haka take yi: kafin ta ɗaga ƙwarya sai ta saki ɗan ƙaiƙayi ta ga inda ya bi, ta gyara tsayuwa. In iska ta yi lamo ta dakata, in ta yi yawa har tana kwasar tsaba, nan ma ta dakata. Karanta iska da ido da fata wani ɓangare ne na gwaninta, kuma masu doka sun yi daidai da suka ƙi miƙa shi ga na'ura.

Shekara a filin Kano

A ƙasarmu yanayi ba ya sauyawa cikin awa guda kamar na bakin tekun Birtaniya, sai dai in da damina. Amma daga wata zuwa wata, fili ɗaya kan zama kamar filaye uku.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Sau da yawa takan lafa da asuba, ta taso da hantsi. Wanda ya fara da sassafe zai sha sanyi, yatsunsa su ƙage, amma ƙwallonsa za ta tafi inda ya aika ta. Wanda ya fara da hantsi zai samu ɗumi, ya kuma samu iska. Ranar da hazo ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ɗan golf ma ba ya ganin tutar da yake nufa. A nan ne masu ɗaukar jaka ke nuna amfaninsu. Yaran nan da ke bin 'yan wasa da sanduna a kafaɗa sun haddace filin taku-taku, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Ya kamata a riƙa ba su girman da ya dace da iliminsu.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri kamar mai sanyi, don haka ƙwallo kan ɗan ƙara nisa. Ƙasa kuma ta bushe ta yi tauri, ƙwallon na sauka sai ta yi tsalle ta ci gaba da gudu. Nisa ya samu a sauƙaƙe, tsayar da ƙwallo a wurin da ake so ya zama aiki. Ga tafiyar kilomita shida ko bakwai a ƙafa cikin rana, wadda ke gwada jiki kafin ta gwada hannu.

Da damina iska mai laima ke zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, hadari kuma ya haɗo daga gabas da iskarsa mai ƙarfi a gaba. Ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi laushi, ƙwallo ta sauka ta liƙe. Filin ya zama kamar an ƙara masa tsawo. Saboda wahalar raya ciyawa da rani, filaye da yawa a ƙasashe masu fari, har da Arewacin Najeriya, sun daɗe suna yin dandalin rami da yashi gauraye da mai, a share shi ya yi sumul kafin kowane bugu. A irin wannan dandali ba kasafai iska ke gangarar da ƙwallo ba. Dabara ce da ta dace da ƙasar da mai noman rani ke lissafin kowane bokitin ruwa.

Abin da ya faru a St Andrews

St Andrews gari ne a bakin teku a Sikotilan, kuma filinsa na cikin mafi daɗewa a duniya. Babu bishiyoyin da za su tare iska. A can aka yi gasar Open ta watan Yulin 2010.

Ranar Alhamis da safe gari ya yi tsit. Wani saurayi ɗan shekara 21 daga Ayalan ta Arewa, Rory McIlroy, ya gama da bugu 63, wanda a lokacin ba a taɓa yin ƙasa da shi a manyan gasa ba. Tsarin gasar shi ne wanda ya fita da wuri ranar Alhamis zai fita a makare ranar Juma'a. Da ya fito ranar Juma'a da rana, iska ta riga ta taso, tana kaiwa kusan kilomita 65 a awa. Ƙwallaye suka fara motsi da kansu a kan dandali, har aka dakatar da wasa na minti 65. Da aka dawo, McIlroy ya gama da bugu 80. Mutum ɗaya, sanduna ɗaya, fili ɗaya, bambancin bugu 17 tsakanin jiya da yau.

Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu, ɗan manomi ne da ya tashi a yankin bakin teku mai yawan iska. Shi ya fito da sassafen Juma'a, ya sha ɗan ruwan sama, ya yi bugu 67, ya koma masauki kafin iskar ta kai ga tsananta. Ranar Lahadi 18 ga Yuli ya ci gasar da jimlar 272, ya ba na biyu, Lee Westwood, tazarar bugu bakwai. Daga cikin kuɗin da ya samu har tarakta ya saya wa gonarsa. McIlroy ya ƙare da 280. Da a ce ranar Juma'ar nan ya yi adadin ƙa'ida kawai, wato 72, da sun yi kunnen doki.

To, sa'a ce ta ci gasar? Hausawa na cewa sa'a ta fi manyan kaya, kuma babu mai musun cewa Oosthuizen ya dace da lokaci. Amma ba shi kaɗai ya fito da safiyar nan ba. Mark Calcavecchia na Amurka, mai shekara 50, shi ma ya fita da sassafe ya yi 67, ya zama na biyu bayan kwana biyu, sannan a sauran kwanakin ya gangara can ƙasa. Mutane da dama sun samu safiyar da Oosthuizen ya samu, shi kaɗai ya riƙe ta har Lahadi. Yanayi ya buɗe wa rabin 'yan wasa ƙofa, ya matse wa rabi, amma bai zaɓi wanda zai shiga ba.

Bayan shekara biyar gasar ta dawo St Andrews. Ranar Asabar da safe aka tura 'yan wasa fili cikin iska mai ƙarfi, aka yi minti 32, sannan aka dakatar na sama da awa goma. Cikin waɗanda iska ta ture wa ƙwallo daga kusa da rami a mintocin nan har da Oosthuizen. An kammala gasar ranar Litinin, Oosthuizen ya yi kunnen doki da mutum biyu, ɗayansu, Zach Johnson, ya ci wasan raba gardama. 'Yan wasa da yawa sun yi ƙorafi cewa tun farko bai kamata a fara ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Idan ƙwallon da ke ajiye tana tafiya ba tare da an taɓa ta ba, babu sauran gwanintar da ake aunawa.

Wahala daban, rashin adalci daban

Ranar 24 ga Yulin 2022, a garin Eugene na Amurka, 'yar Najeriya Tobi Amusan ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 sau biyu. A zagayen kusa da ƙarshe ta yi daƙiƙa 12.12, ta kafa tarihin duniya. A zagayen ƙarshe ta yi 12.06, wato ta fi sauri, ta ci zinare, amma ba a rubuta wannan a matsayin sabon tarihi ba. Dalili shi ne iskar baya ta kai mita 2.5 a daƙiƙa, doka kuwa ba ta yarda ta wuce mita 2 ba. Ku lura da hikimar. An ba ta zinare domin duk waɗanda suka yi tseren tare iska ɗaya ta tura su. An hana ta tarihi domin tarihi gasa ce da mutanen da suka yi gudu a wata rana, cikin wata iska.

Wannan shi ne ma'aunin. Idan yanayi ya tsananta wa kowa daidai, wasa ya yi wuya amma ba a zalunci kowa ba. Matsala tana farawa ne idan aka kwatanta mutanen da ba su sha yanayi ɗaya ba. Ƙwallon ƙafa ta warware nata cikin sauƙi: a jefa kwabo a zaɓi raga, bayan hutun rabin lokaci a yi musaya. Ko a filin firamaren ƙauye, da hunturu, yara sun san wace raga ce iska ke taimaka wa, kuma ba za su yarda a ƙi juyawa ba. Golf ba ta da wannan sauƙin, don mutum 156 ba za su tsaya a rami ɗaya lokaci guda ba.

Masu dokokin wasan, wato hukumar R&A da ke St Andrews da takwararta USGA ta Amurka, sun yi abin da za su iya. Musayar safe da yamma a kwana biyun farko ita ce ta farko. Ranakun Asabar da Lahadi kuma ana jera mutane bisa lissafinsu, waɗanda ke kan gaba su fita a ƙarshe kusa da juna, don masu takarar kofi su haɗu da sama ɗaya. Wannan ma ba ya hana abin mamaki. A gasar 2002 a Muirfield, ruwa da iska sun sauko ranar Asabar daidai lokacin da na gaba-gaba ke fita, shahararren ɗan wasa Tiger Woods ya yi bugu 81, washegari da gari ya washe ya yi 65. Idan an yi hasashen iska, masu fili kan bar ciyawar dandali ta ɗan yi tsawo, su kuma guji haƙa rami a kan gangara. A da, idan ɗan wasa ya riga ya kafa sandarsa a bayan ƙwallo sai iska ta motsa ta, shi ake ci tarar bugu ɗaya. An gyara wannan a 2012. Dokar da ake bi tun 2019 ta ce idan iska ta motsa ƙwallo babu tara, a buga daga inda ta tsaya, sai dai in a kan dandali ne kuma mutum ya riga ya ɗaga ta ya mayar, to sai ya maido ta wurinta.

Ga masu wasan sha'awa akwai tsarin rangwame, wanda ke ba mai rauni damar karawa da gwani ta hanyar yafe masa wasu bugu. Ana fitar da rangwamen mutum daga wasanninsa takwas mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan. Tsarin bai-ɗaya na duniya da aka fara a 2020 ya sa yanayi cikin lissafi: kwamfuta kan duba sakamakon duk waɗanda suka yi wasa a fili ɗaya a ranar, in ta ga kowa ya sha wuya fiye da yadda aka saba, sai ta yi gyara, daga rage bugu ɗaya zuwa ƙara uku. Ba iskar ake aunawa ba, abin da ta yi wa mutane ake aunawa.

Duk da haka akwai masu cewa a soke sakamakon duk ranar da safe da yamma suka bambanta sosai. Ban goyi bayan wannan ba. Wa zai yanke cewa bambancin ya isa? Da zarar an ba wani mutum ikon soke ranar da ba ta yi masa daɗi ba, an buɗe ƙofar son kai, wanda ya fi iska illa. Iska ba ta san sunan kowa ba. Abin da ya wajaba a kan masu shirya gasa shi ne su fitar da jadawali tun kafin a san yadda gari zai waye, su sanar da ƙa'idar dakatarwa tun kafin a fara, kada su sauya ta don wani babba yana cikin fili, kuma idan sun ga wasa ya gagara su tsayar nan take, ba sai wasu sun yi asara ba.

Akwai yanayi guda da ba a jayayya a kansa, wato tsawa. A 1975 tsawa ta faɗa wa shahararren ɗan wasa Lee Trevino ana tsakiyar gasa kusa da Chicago, Allah ya yi da sauran kwanansa. A gasar Amurka ta 1991 kuwa ta kashe wani ɗan kallo da ya fake a gindin bishiya. Yanzu da an busa jiniya mai tsawo sau ɗaya, kowa zai ajiye sanda nan take, kuma doka ta ba ɗan wasa ikon tsayawa da kansa idan ya ga haɗari, ko alƙali bai ce komai ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mai noma a buɗaɗɗen fili, idan hadari ya haɗo ana walƙiya, ya ajiye fartanya ya nemi gini ko mota mai rufi, kada ya fake a gindin kuka ko ɗorawar da ke tsaye ita kaɗai a gona.

Aiki

Oosthuizen ya yi 65, 67, 69 da 71. McIlroy ya yi 63, 80, 69 da 68. Ku haɗa na kowanne. Sannan ku cire ranar Juma'a daga lissafin su biyun, ku ga wa ke gaba, kuma da bugu nawa. Bayan kun samu amsa, ku tattauna: cire ranar nan adalci ne ga wanda ya tashi da asuba ya yi wasansa cikin ruwa?

Ku kasu rukuni-rukuni. A ce an ɗora muku shirya gasar ƙwallon ƙafa ta ƙauyuka takwas a watan Janairu, fili ɗaya ne, kuma dole wasu su buga da hantsi wasu da la'asar. Ku rubuta ƙa'idoji uku da za ku karanta wa shugabannin ƙungiyoyi kafin a jefa ƙuri'a.

Na tsawon mako guda, kowa ya ɗaura ƙyalle a kan sanda a bayan gida, ya duba shi bayan sallar asuba, da hantsi, da kuma bayan la'asar, ya rubuta daga ina iska take busowa da yadda ƙarfinta yake. Ku zo da abin da kuka rubuta a darasi na gaba, a kwatanta na unguwa da unguwa.